ƊINKIN SISTA SHIRU

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba" tun jiya, to ga shi nan, ku sarara min haka. Ke kuma da kika ce in na bar Baba Tela ya makance za ki fice daga zauren nan, zauna tukuna ki karanta. Wannan shafin naku ne, ma'aikatan jinya, ku da kuke tsayawa a kanmu ranar da danginmu ma suke kau da kai. Allah ya saka muku da alheri.

Inna ba ta ko kai ƙofar ɗakin masu ƙuna ba ta hango Auta tsaye a bakin ɗakin canja kaya, jaka rataye a kafaɗa. Kwana ashirin da uku tana zuwa asibitin nan da kwandon abinci, ba ta taɓa ganin yarinyar da jaka da hantsi ba.

"Ina za ki?"

"Inna, ina kwana."

"Ban tambaye ki kwana ba. Na ce ina za ki?"

Auta ta sauke takunkumin fuskarta zuwa haɓa. Duk ta zabge, fararen kayan aikin sun yi mata yawa.

"Ƙarfe goma Likita zai buɗe wa Baba ido. Na yi wa Yaya alkawari ba zai buɗe ya gan ni ba."

"To sai ki laɓe a ofis har a sallame mu."

"Ba laɓewa ba ce, Inna. Baba zai riƙa dawowa wankin ciwo har wata shida. Yaya ya ce in bar asibitin gaba ɗaya. Na rubuta takardar neman canjin wurin aiki, tana hannun Babbar Sista."

Inna ta dire kwandon a ƙasa har kwanuka suka yi ƙara.

Shekara tara ke nan ana abu ɗaya. Ranar da takardar shiga makarantar jinya ta zo, Malam, mahaifinta, yana kan keken ɗinkinsa ya karɓa, ya karanta, ya yaga ta biyu, ya ƙara yagawa. Shi a wurinsa duk cikin 'ya'yansa babu mai hannun ɗinki irin na Auta, ita yake shirin bar wa shago, sai ga ta wai kwasar fitsarin mutane take so. Ya rantse in ta sa farin kaya kada ta sake tako masa gida, ko ciwo yake kada hannunta ya taɓa shi. Inna ce ta tsince guntayen takardar a ƙarƙashin keke, ta liƙe su da gam, ta sa yarinyar a mota zuwa gidan ƙanwarta. Tun daga ranar Malam bai sake kiran sunanta ba.

Sai ga janaretan shago ya kama da wuta, ya lashe wa Malam fuska da hannaye. Allah da ikonsa, aka kawo shi ɗakin da Auta take aiki, idanu a naɗe. Babba, ɗansu na fari, ya ce hawan jini zai ƙarasa tsohon in ya ji muryarta. Da ƙyar ya yarda ta yi jinyarsa, bisa sharaɗi biyu: kada ta buɗe baki a gabansa, kuma ta ɓace kafin a buɗe ido. Shi ya sa Malam ya raɗa mata Sista Shiru, yana ta yabonta safe da yamma, Inna na gefe tana haɗiye magana.

"Wato na sake rasa ki ke nan," in ji Inna. "Karo na biyu."

"Ai zan riƙa kira."

"Kira? Ni waya na haifa?"

Auta ta sunkuyar da kai. Sai wata murya ta taso daga cikin ɗakin, irin muryar da take tsayar da kekuna huɗu lokaci ɗaya a shago.

"Na ce ba wanda zai taɓa min fuska!"

Inna ta suri kwandonta.

"Kada ki motsa daga nan. Kin ji ni ko?"

Ba ta jira amsa ba ta tura ƙofa.

Gado shida ne a ɗakin, na Malam ne na kusa da taga. Yana zaune ya jingina da filo, kansa a naɗe tun daga goshi har karan hanci, hannayensa biyu dunƙule cikin bandeji. Yatsu biyu kacal wutar ta bar masa a waje, babba da manuni na hannun hagu. Likita na tsaye da 'yar fitilarsa, Babbar Sista na riƙe da faranti da almakashi, Babba kuma ya harɗe hannu a ƙarshen gado yana ta zufa.

"Baba Tela, minti biyar ne fa," in ji Likita. "Mu buɗe mu ga abin da Allah ya yi."

"Ko minti ɗaya ne. Ina Sista Shiru?"

"Baba, an ce maka ta tashi aiki," in ji Babba.

"Da hantsi? Yarinyar da ko ranar hutunta sai ta zo ta wanke min ciwo, yau ne za ta tashi?"

Direba, wanda ruwan lagireto ya sale wa ƙafa, ya ɗago daga gadon da ke kusa.

"Gaskiya Baba Tela ya faɗa. Ni ma in ba ita ba, gara a bar min ƙafata ta yi ta wari."

Babbar Sista ta watsa masa harara.

"Kai Direba, jiya wa ya wanke maka?"

"Ke ce, ranki ya daɗe. Ai har yanzu ina jin hannunki a ƙashina."

Marasa lafiya suka kwashe da dariya, har da wanda bakinsa ke naɗe. Malam bai yi ba. Ya juyo da kansa wajen ƙofa.

"Innar yara, ke ce kika shigo?"

"Ni ce, Malam. Ya jiki?"

"Zo ki zauna. Ina so ki zama shaida."

Ta zauna a bakin kujera. Babba ya yi mata wani kallo mai nufin kada ta kuskura, ta ɗauke kai kamar ba ta gani ba.

"Likita," in ji Malam, "kai sau ɗaya kake zuwa a rana, ka duba, ka rubuta, ka wuce. Ban raina ba, Allah ya ƙara sani. Amma ka san waɗanda suka riƙe ni a ɗakin nan?"

"Na sani, Baba."

"Ba ka sani ba, bari in gaya maka. Akwai dogon nas ɗin nan da yake ɗaga ni kamar jariri ya juya ni, yana ce min 'tsohon soja'. Akwai mai ƙarar takalmi, wadda take ba ni abinci a baki, in na ƙi ci ta ce ita ma ba za ta ci nata ba. Ga Babbar Sista, faɗa kamar me, amma ranar da zazzaɓi ya kusa tafiya da ni, a kaina ta wuni tana shafa min ruwa, ko zama ba ta yi ba."

Babbar Sista ta gyara tsayuwa.

"Aikinmu ne, Baba Tela."

"Kada ki ce min aiki. Na san aiki, shekara arba'in ina yi wa mutane. Wannan ya wuce aiki."

Ya numfasa. Muryarsa ta sauko.

"Sai ita. Kun san zafin cire auduga daga ɗanyen ciwo? Ni da ban yi kuka ranar da mahaifina ya rasu ba, a ɗakin nan na yi ihu ina kiran uwata. Ita ba ta fizga. Jiƙawa take yi, ta jira, ta ƙara jiƙawa, har audugar ta saki da kanta. In wurin da zai yi zafi ne, sai ta taɓa min kafaɗa sau biyu, in shirya. Rana ta shida na kelaya mata amai a jiki, ko tsaki ban ji ba. In buƙata ta kama ni, dogon nas take kira, ta ja labule ta tsaya a waje tana gadi, don kada wani ya ga tsiraicina."

Ya juyo da kansa wajen Babbar Sista.

"Ni da bakin nan nawa na taɓa kiran aikinku kwasar fitsari. To an kwashe nawa kwana ashirin da uku, ba wanda ya nuna min ƙyama. Ku yafe min."

Inna ta ɗago ta dubi mutanen ɗakin. Wallahi ji take kamar ta miƙe ta faɗa wa ɗakin nan kaf, har da masu shara, cewa wannan da ake yabo 'yarta ce, ita ta goya ta, ita ta liƙe mata takarda da gam. Alfahari ne ya taso mata, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka kawo mata hoton yarinyar da hular gama makaranta, ta ɓoye shi a ƙasan akwati. Ta danne bakinta da gefen mayafi.

Babba ya yi gyaran murya.

"Shi ke nan Baba, sun ji. Za mu sayi yadi mai kyau mu aika mata. Yanzu ka bari Likita ya yi aikinsa."

"Babba."

"Na'am."

"Matso nan. Kawo hannunka."

Babba ya matso ba don ya so ba. Malam ya lalubo yatsansa da yatsunsa biyu, ya kai shi bayan kunnensa na dama, daidai inda bakin bandejin ya ƙare.

"Me ka ji?"

"Zare ne."

"Filasta ba ta karɓe ni ba, ƙuraje take tayar min. Tun rana ta uku yarinyar nan ta daina sa min, ta koma ɗinke bakin bandejin da allura. Kai tela ne ɗan tela. Karanta min ɗinkin."

Yatsan Babba ya bi zaren. Inna na kallon fuskarsa tana canja launi.

"Ina jin ka," in ji Malam.

"Uku gaba."

"Sai me?"

"Ɗaya baya."

"Ƙullin fa?"

Babba ya sake laluba wurin.

"Yana ciki. A ɓoye."

"Mutum nawa ne suke rufe ɗinki haka?"

Babba ya kau da kai.

"Kai shekara nawa ina koya maka, har gobe ƙullinka a waje yake. Mutum biyu ne, Babba. Ni, sai wadda na ɗora a cinyata tana shekara bakwai na kama mata hannu."

Inna ta saki salati. Kai, Auta! Ta rufe baki, ta rufe fuska, ta daina sa turaren da ta saba, har tafiyarta ta canja don kada ya gane takunta. Ashe ta manta da hannunta, ta ɗinka masa sunanta a bayan kunne kullum safiya.

"Malam," in ji Inna, "tun yaushe?"

"Tun rana ta huɗu."

"Ka sani ka yi shiru? Ka bar ni ina ta fama da ƙarya a gabanka?"

"Ke ma ai ba iya ƙaryar kika yi ba. Mutum ɗaya ke kwance, kullum kwano uku ke ƙara a kwandonki. Ido aka rufe min, ba kunne ba."

Direba ya dafe kai.

"La ilaha illallahu! Wato Sista Shiru 'yarka ce? Ni kuwa ina ta ce mata ina da ƙane mai mota!"

"Rufe mana baki," in ji Babbar Sista, amma ita ma idonta ya kawo ruwa.

"Me ya hana ka magana?" Inna ta sake tambaya.

Malam ya juyo da kansa wajenta.

"Tsoro. Na ce in na kira ta, za ta gudu. In na yi shiru, gobe ma za ta zo ta taɓa min kafaɗa. Sai kuma kunya. Mutumin da ya ce kada hannunta ya taɓa shi, ga shi hannun ne yake share masa majina."

Babba ya zare hannunsa da ƙarfi.

"Baba, ka yi rantsuwa fa. A gabana ka yi."

"Na yi. Kaffararta tufatar da mabuƙata goma ce, ni kuwa tela ne. Ina wahalar take?"

"Shi ke nan? Haka kawai?"

"Me kake so a ƙara?"

"Ni fa?"

Muryar Babba ta fashe, har na gadon ƙarshe ya ɗago.

"Ni ma na sami gurbin karatu, Baba, ka manta? Ka ce shago zai mutu in na tafi. Na zauna. Ita ta bijire maka ta tafi, ni na zauna shekara tara ina taka keke, kana ce min ƙullina a waje yake. Ni na ɗauko ka daga cikin wuta, ga hannuna nan bai gama warkewa ba. Yau ita ce ta kirki?"

Inna ta ji tausayinsa ya soke ta, don ba ƙarya ya yi ba. Ta miƙa hannu za ta kamo rigarsa, ya goce ya nufi ƙofa. Can ya tsaya, ya ba su baya.

"Ka yi gaskiya," in ji Malam. "Na cuce ka, na cuce ta. Taka maganar tana nan, ba zan gudu ba, ni da kai ne. Amma yau ido za a buɗe min, ban sani ba ko zan gani ko ba zan gani ba. In ma duhu ne, ina so ya same ni hannunta na kaina."

Ya ɗaga murya.

"Ku kira min Maɓalli."

Hawayen da Inna take riƙewa suka ɓalle. Sunan da shi kaɗai yake kiran Auta da shi ke nan, tun tana rarrafe a shago tana tsince maɓallai tana cusawa a baki. Rabon da Inna ta ji shi a bakinsa, shekara tara.

Ta miƙe da gudu, takalmi ɗaya ya fice ba ta ko waiwaya ba. Ta ratsa ta gefen Babba ta ja ƙofa, tana addu'ar Allah ya sa yarinyar ba ta kai bakin titi ba.

Ba ta je ko'ina ba. Tana nan durƙushe a jikin bango, jaka a ƙasa, takunkumi ya jiƙe sharkaf.

"Kin ji?"

Ta gyaɗa kai.

"To tashi. Ubanki na kira."

"Inna, ƙafata ba za ta ɗauke ni ba."

"Ta ɗauke ki kwana ashirin da uku, yau ne za ta gaza? Tashi, ni 'yar nan!"

Auta ta miƙe ta shiga. Ba ta kalli Babba ba, shi ma bai kalle ta ba. Inna ta zaci gadon za ta nufa ta faɗa jikinsa, don da ita ce, abin da za ta yi ke nan. Ina! Wajen famfo yarinyar ta wuce. Ta cire jiƙaƙƙen takunkumin ta jefa a kwando, ta sa sabo, ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, yatsa bayan yatsa, hawaye na zuba amma ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ta sa safar hannu, sannan ta karɓi almakashi daga farantin Babbar Sista. Inna ta dubi matan da suka zo dubiya suna leƙe ta taga, ta gyara mayafinta, ta ɗaga kai.

Auta ta tsaya a kan mahaifinta. Ta taɓa masa kafaɗa sau biyu.

"A'a," in ji Malam. "Yau da baki za ki faɗa."

Ta sunkuyo kusa da kunnensa.

"Baba, zai ɗan yi zafi."

Malam ya ja wani dogon numfashi, kafaɗunsa suka sauka.

"Muryarki ta girma," kawai ya ce. "Bismillah."

Likita ya sa aka ja labulen taga. Auta ta sa bakin almakashi ta tsinke zaren, ta fara warware bandejin zagaye bayan zagaye, tana naɗe shi a hannunta. Da ta zo kan audugar da ke manne a fatar ido, ta jiƙa, ta jira. Likita ya duba agogo. Ba ta kula shi ba, ta ƙara jiƙawa. Audugar dama ta saki, ta hagu ta biyo.

Fatar wurin ja ce, sabuwa, babu gira ko ɗaya. Inna ta runtse ido ta buɗe.

"A hankali, Baba," in ji Likita. "Kada ka yi gaggawa. Buɗe."

Fatar idon ta motsa, ta ɗaga kaɗan, ta koma. Ta sake ɗagawa. Ruwa ya gangaro.

Likita ya ɗaga yatsu a gabansa.

"Yatsu nawa kake gani?"

Malam bai amsa ba.

"Baba Tela, yatsu nawa?"

Ko kallon wajen bai yi ba. Idanunsa na tsaye a wajen da Auta take, ba sa ƙiftawa, ba kuma wanda zai ce ga abin da suke gani. Inna ta fara karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, tana haɗa farkon wata da ƙarshen wata.

"Baba," in ji Auta, ta janye takunkumin, "kana ganina?"

Malam ya yamutsa fuska.

"Wa ya ɗinka miki rigar nan?"

"Na'am?"

"Na ce wane mugun ne ya ɗinka miki rigar nan? Kafaɗar hagu ta fi ta dama sauka. Aljihu ya karkace. Dubi wuya, don Allah, kamar da wuƙa aka yanka!"

"Yana gani!" Direba ya kurma ihu yana dukan katifa. "Wallahi tsohon nan yana gani!"

Ɗakin ya kaure da hamdala. Likita na dariya yana cewa a bar shi ya duba, ba mai sauraronsa. Inna dai zamewa ta yi daga kujera ta kai goshinta ƙasa, ta ɗago tana kuka tana dariya. Auta ta durƙusa a gaban gadon, Malam ya kai yatsunsa biyu ya kama gefen hularta.

"'Yar tela guda, shugabar masu wankin ciwo, tana yawo da wannan? Shekara nawa kina sa irin wannan abin kunya?"

"Biyar, Baba."

"Laifina ne. Ranar da aka sallame ni ki zo gida in gwada ki. Ko da yatsu biyu ne sai na yanka miki farin kaya da za a riƙa tambayarki wa ya ɗinka."

Auta ta sunkuyar da kai.

"Ba ki ji ba ne? Na ce ki zo gida."

Ta saci kallon ƙofa, inda Babba yake tsaye har yanzu. Inna ta ga kallon, murnarta ta koma ciki. Babbar Sista ta ajiye faranti, ta sa hannu a aljihu ta zaro farar ambulan.

"Baba Tela, gara ka ji daga bakina. Ta rubuta takardar barin asibitin nan zuwa wani mai nisa, don ta cika alkawarin da ta yi wa yayanta. Kwana uku ke nan tana aljihuna. Na kasa kai ta ofis, don ni ma ba na son rasa hannu irin nata. Amma yau ne ƙarshe, ƙarfe goma sha biyu ake rufe karɓa."

"Ba ni."

Ta sa masa ita tsakanin yatsunsa biyu. Ya kawo ta kusa da ido, ya daɗe yana kallo.

"Shekara tara da suka wuce na yaga miki takarda ban tambaye ki ba. Yau tambayarki nake, Maɓalli. Taki ce. In yaga, ko a kai ofis?"

Auta ta goge ido da bayan hannu.

"Alkawari na yi, Baba. Sai in wanda na yi wa ya sake ni."

"Ke dai me kike so?"

"Gida nake so."

Malam ya gwada kai ɗaya hannun, dunƙulen bandeji ya zame a kan takardar. Ya sake gwadawa, ta kusa faɗuwa. Inna ta yunƙura za ta taimaka, ya girgiza mata kai.

"Ba ke ba."

Ya ɗaga takardar sama, ya juya sababbin idanunsa wajen ƙofa.

"Babba. Yatsu biyu ba sa yaga takarda. Zo ka kama min ɗaya gefen."

Babba ya juyo. Idanunsa sun yi jajir. Ya dubi takardar, ya dubi ƙanwarsa a durƙushe, ya dubi agogon bango. Hannunsa na kan mariƙin ƙofa, bai saki ba, bai kuma murɗa ba.

Takardar ta fara rawa a sama.

"Babba," in ji Malam, "hannuna ya fara gajiya."